Kafin ka yi caffa

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, mahaifiyarka da ƙannenka suna lafiya, suna gaishe ka. Saƙonka ya iso, na ga batun mutumin nan da ya ce zai ɗauke maka kuɗin makaranta da na haya, kai kuma ka shiga sahun yaransa idan zaɓe ya matso. Kwana biyu ina juya maganar. Ka san shekara talatin na yi ina koyar da tarihi, kuma abin da ya yi ta faɗo mini a rai shi ne halin da Turai ta shiga bayan mutuwar sarki Sharlaman a 814.

Daula babba ya bari, amma a 843 jikokinsa uku suka raba ta a Verdun. Da bango ya tsage sai mahara suka samu wurin shiga: Viking, mutanen arewacin Turai, ta koguna a jiragen ruwa, Magyar, kakannin mutanen Hungary, daga gabas a kan dawaki. A 845 Viking suka kai har Paris, sarkin yankin ya kasa korarsu, sai da ya auna musu azurfa fam 7,000 kafin suka tafi. Ka ɗauka kai manomi ne a wannan zamani. Sarki yana can nesa, kafin labari ya kai gare shi an ƙone maka rumbu. Wanda ke kusa shi ne mai doki da sulke, mai gida da ganuwa a kan tudu. Wurinsa za ka gudu, kuma ba wanda zai ga laifinka.

Sai dai ba a shiga inuwarsa kyauta. Mayaƙi yakan durƙusa, ya sa hannuwansa biyu cikin na ubangida, ya rantse ya zama mutuminsa. Caffa ke nan, irin wadda kakanninmu suka sani. A ba shi ƙasa da mutanen da ke zaune a kanta, shi kuma ya riƙa fita yaƙi da dokinsa da makamansa, galibi kwana 40 a shekara. Shi dai bai yi asara ba. Manomi ne ya sha wuya. Da yawa sun miƙa gonakinsu na gado don a kare su, aka mayar musu da su a matsayin aro. Kwana biyu ko uku a mako suna gandun ubangida, tasu gonar tana jira. Hatsi ba ka niƙa shi sai a maniƙarsa, kuma ka biya. A Ingila, in za ka aurar da 'yarka sai ka biya shi, ranar da ka mutu kuma ya ɗauke dabbar da ta fi kyau a garkenka. Duk lokacin da na zo kan wannan a aji, ɗalibai tsit suke yi.

Abin da ya fi damuna shi ne ba da niyyar dawwama aka fara ba. Da farko ƙasar da ake ba mayaƙi ta tsawon rayuwarsa ce kawai, daga baya ta zama gado, barantaka ma ta zama gado. A 911 aka ba Rollo, shugaban Viking, ƙasar Nomandi a arewacin Faransa ya zauna. A 955 sarki Otto na Jamus ya murƙushe Magyar a Lechfeld. Hari ya lafa, amma ba wanda ya kwance wa manomi igiya. Jikan wanda ya gudu neman mafaka a daren tsoro an haife shi ba shi da ikon barin ƙauye sai da izini. A Ingila sai bayan annobar 1348 ta rage ma'aikata, talakawa kuma suka yi bore a 1381, sannan igiyar ta yi ta sassautawa.

Ban ce duk mai taimako macuci ne ba. Ni kaina wani bawan Allah ne ya biya mini kuɗin jarrabawa, bai taɓa aike na ko kasuwa ba, Allah ya jiƙansa. Amma wannan naka tun yanzu ya faɗi farashinsa, kuma ka san irin aikin da ake tura yara ranar zaɓe. Ka tambaye shi abu uku a gaban shaida: me yake so ka yi masa takamaimai, zuwa yaushe, kuma in ka ce ka fasa, me za ka biya. In ya ɓata rai don ka tambaya, ka yi masa godiya ka tashi.

Na san matsi ne ya kai ka ƙofarsa, kuma hakan yana yi mini ciwo. Na yi magana da kawunka, za mu sayar da bijimin nan ranar kasuwa, zai isa kuɗin wannan zango da haya. Kada ka ba mutumin amsa tukuna. Ka zo gida ranar Juma'a, ka taho da takardar kuɗin makaranta mu duba tare. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka