Doka ta taƙaita ɗaure masu taɓin hankali, to wa ke zuwa dubawa?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ba ni fili in yi magana kan 'yan uwanmu da ke kwance a asibitocin ƙwaƙwalwa, don su kam ba mai sauraronsu, ko sun yi ƙorafi sai a ce ai ciwon ne ke magana.

A watan Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da muka gada daga Turawa, waccan da ba ruwanta da magani ita dai a kulle mutum kawai. Sabuwar ta ce majinyaci yana da haƙƙin a yi masa bayanin ciwonsa da maganin da za a ba shi, kuma ta taƙaita ɗaure mutum ko kulle shi shi kaɗai. Madalla. Amma wa ke shiga wod ɗin nan da daddare ya ga ko ana bi?

Na yi jinyar ƙanena a wani asibiti da ba sai na ambaci sunansa ba. Ranar da muka kai shi yana fizge-fizge aka ɗaure shi a gado da tsumma, wannan na fahimta, amma har gari ya waye yana nan a ɗaure bayan allura ta kwantar da shi, ya yi fitsari a wurin, wuyan hannunsa ya kumbura, nas ɗaya ce tal a wod ɗin gaba ɗaya ita ma ka gan ta ka san a gajiye take. Da aka fara ba shi ƙwayoyi sai wuyansa ya sandare, hannu na rawa, yawu na zuba, mahaifiyarmu ta ce wallahi aljanun ne suka dawo a mayar da shi gida. Ashe illar maganin ce kuma akwai ƙwayar da ke gyara ta, amma ba wanda ya gaya mana tun farko.

Irin wannan ne fa ke sa mutane su ɗauke ɗansu su kai gidan mari. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019, mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, sai ga na Daura ya biyo baya. A shekarar ce kuma ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto cewa ɗaure mutane da sarƙa bai tsaya a gidajen malamai da coci-coci ba, har da cibiyoyin gwamnati. Wannan ne ya fi min ciwo gaskiya.

Ba na ɗora wa ma'aikata laifin duka. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma kullum wasu na tafiya Ingila da Saudiyya. Mutumin ƙauye sai ya yi doguwar tafiya zuwa Kware ko Barnawa ko Dawanau ko Maiduguri kafin ya ga likita, ga kuɗin mota ga kuɗin magani kowane wata. Mu ma dangi muna da namu, wasu sai su ajiye mutum su ba da lambar waya ta ƙarya su gudu, ya warke amma ba mai zuwa ɗaukarsa.

Roƙona ga Ma'aikatar Lafiya da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa shi ne su riƙa kai ziyarar bazata, su tambayi majinyatan da kansu ba shugaban asibiti ba, kuma duk wanda aka ɗaure a rubuta dalili da lokacin da aka kwance shi. A fassara haƙƙoƙin nan da Hausa a manna a bangon kowane wod. Gwamnoninmu kuma su sa magungunan nan cikin inshorar lafiya ta jiha, don da yawa daga cikin masu dawowa asibiti kuɗin magani ne ya yanke musu.

Na gode.

Wata mai jinya, daga Zariya