Mun tashi, saura haɗa wayoyi

Yamai, Nuwamba 2025

Takwara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi. Nan hunturu ya fara leƙowa, da asuba sai an ja mayafi, wata rana kuma hazo ya sauka har ba ka hango Harobanda sosai daga bakin gadar Kennedy.

Na ji ƙorafinka a saƙon murya, wai na shiga ruwa na yi shiru. Tashi muka yi. Mai gidan da muke haya a unguwar Plateau ya ce zai rushe ya ɗora bene, sai aka samo mana wani gida wajen unguwar Koira Kano. Gidan zama ne, ba don ofis aka gina shi ba: falo biyu, ɗakunan kwana, kicin, da ɗakin mai gadi a bakin ƙofa. Darekta ya zagaya ya zaɓi nasa, kowa ya kama wurin da ke da taga, sai da aka gama rabo aka tuna da ni, mai kula da kwamfutoci. Aka nuna mini sito, aka ce nan za a aje sarba, babbar kwamfutar da ke riƙe bayananmu. Bangonsa yamma yake kallo, da la'asar in ka ɗora tafin hannu sai ka janye.

Ka san irin aikinmu, ko da yake ba zan rubuta maka sunan garuruwa ko na masu ba da kuɗi ba. Muna da mutane a ƙauyuka da kasuwannin dabbobi, daga yankin Tillaberi har Tawa, suna aiko mana labari: nawa buhun hatsi, nawa rago, wace rijiya ta ƙafe, wane burtali aka nome, ina garke ya dosa, ina aka fara ƴar tsama tsakanin manomi da makiyayi. Mu namu shi ne mu tace, mu gwada wannan labari da wancan, mu fitar da rahoto tun magana tana bakin fatar baki. Kuma tashin nan ya faɗo a mafi munin lokaci. An gama girbi, dabbobin da suka hau arewa da damina har wajen gishirin Ingal suna gangarowa, hukuma kuma ba ta riga ta sa ranar sakin gonaki a ko'ina ba. Tsakanin saukowar dabba da wannan rana ake yin ɓarna, a nan ake zare takobi. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, dokar makiyaya ta 2010 ta ƙara jaddada ta, amma gona ta daɗe da tsallake layin. In kwamfutocinmu suka kwanta mako guda a wannan wata, rahoton da zai fito tarihi ne kawai.

A taron farko darekta ya zo da jerin abin da yake so: sababbin kwamfutocin hannu, da ƙaton allo a bangon falo mai nuna taswira, don baƙi su gani. Na ce masa, ranka ya daɗe, allo ba ya ci sai da wuta. Kai ma ka tuna abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da ƙasarku Najeriya ta yanke layin da ke kawo mana wuta ta Birnin Kebbi, bai dawo ba sai bayan an ɗage takunkumi a 2024. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage zafi, amma duk wanda ya yi Afrilu da Mayu a Yamai ya san ba a ɗora aiki irin namu kan layin gari shi kaɗai. Da na buɗe tsohuwar ondilarmu, akwatin nan da ke riƙe wuta in an ɗauke, na tarar batiran sun kumbura kamar ƙullun fanke, sai da na sa sukundireba na ɓamɓaro su. Zafi ne. Batirin dalma an yi shi ne don ɗakin da bai wuce digiri 25 ba, duk ƙarin digiri goma kuma yana cinye kusan rabin rayuwarsa, mu kuwa muna kai 45. Saboda haka na rubuta a kasafi: fanunnukan sola a rufin, batirin litiyam, inbata mai kyau (na'urar da ke mai da wutar batir irin ta gida), layi na daban da zai ciyar da sarba da na'urorin intanet da ƙaramin kilim guda mai sanyaya ɗaki, ba ruwansa da firij da butar shayin ma'aikata. Gurup, wato janareto, ya tsaya a matsayin na ko-ta-kwana. Na kuma kira mai gyaran wuta ya auna soket-soket ɗin gidan, babu ko ɗaya da aka haɗa da ƙasa. Sai mun kafa sandar tagulla kafin damina, in ba haka ba tsawa ɗaya ta ishe mu. Sarba kuwa na ƙi sito. Na karɓe ɗakin da aka ware wa akawu, har yanzu gaisuwarmu sama-sama ce.

Intanet bai ba ni wahalar tunani ba. Layi biyu daga kamfani biyu, in ɗaya ya faɗi ruta, na'urar da ke raba intanet, ta koma kan ɗayan da kanta. Tun da Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam, ya fara aiki a Nijar a 2025 kowa a ofis shi yake ambato, ni kuma na sa shi na biyu, don yana jan wuta dare da rana kuma kuɗinsa duk wata ne. Mutanenmu na daji ma ba ta nan suke shigowa ba. Fom suke cikewa a manhajar KoboCollect a waya, ko babu sabis, sai sun shigo gari ranar kasuwa saƙon ya tafi.

Abin da ya hana ni barci daban ne, shi ya sa ma na zauna rubuta maka doguwar wasiƙa. Ranar kwasar kaya ina tsaye bakin mota, sai ga wani yaro ɗan dako ya ɗauko kwalin taliya a ka, gindinsa ya ɓalle, littattafai suka zube a kan yashi. Na duƙa in taya shi tsincewa. Littattafan masu kula da yankuna ne, an ɗaure su da roba: sunan kowane mai ba mu labari, sunan ubansa, ƙauyensu, lambar wayarsa, har da ɗan kuɗin kiredit da ake tura masa. Yaron bai san me ya ɗauko ba, ya tattara ya cusa su ƙarƙashin kujerar direba. A cikin kayan kuma akwai tsohuwar kwamfuta da aka manna wa takarda a goshi, kalmar sirri ce rubuce da jan alƙalami.

Takwara, kai a Kano kana jin labarin yankin nan a rediyo ne. Tun 2017 wasu sassan Tillaberi da Tawa suke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, akwai inda aka hana hawa babur. Mutumin da ya aiko mana cewa an kore shanu a wuri kaza, ko kasuwa kaza ba ta ci ba saboda an ga baƙin fuska, shi a ganinsa farashi da kiwo yake ba da labari. Wanda ya tsinci sunansa ba haka zai karanta ba. Cewa zai yi ɗan leƙen asiri ne, kuma ba kotu za a kai shi ba. Ga mu nan muna gardamar girman allo, ran mutum yana cikin kwalin taliya.

To ga abin da na tsara, ka duba mini da idon wanda ya fi ni daɗewa a sana'ar. Suna da labari ba za su ƙara kwana wuri ɗaya ba. Kowane mai ba da labari zai zama lamba, lambar ce za ta bi rahoto duk inda ya je. Jerin da ke haɗa lamba da suna zai zauna a kwamfuta guda wadda ba a taɓa haɗa ta da intanet ko wifi ba, faifanta a kulle da manhajar ɓoye bayanai ta VeraCrypt, mutum biyu kaɗai ke da mabuɗi, ni ba na cikinsu. Na nace kan wannan, don mai gyara bai da dalilin sanin sunan kowa. Littattafan, in an gama shigar da su, wuta. Wayoyin daji za a saita su ta yadda fom zai goge kansa da zarar ya tafi, saboda a hanya ana karɓar waya a duba, kuma ba kullum ka san wanda ya tare ka ba. Sai babbar rigima: zauren WhatsApp da aka tara mutanenmu duka a ciki don sauƙi. Kowa yana ganin lambar kowa. Waya ɗaya ta faɗa hannun da bai dace ba, an samu dukansu. Na ce a rushe shi, kowa ya yi magana da mai kula da yankinsa kai tsaye. Masu kula da yankuna sun ce na ninka musu aiki, kuma ban musa ba.

Masu ba da kuɗi su ma suna so a ɗora komai kan sarbarsu a Turai, wai ya fi tsaro. Rahoto da farashi na yarda. Suna ban yarda ba. Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP da ke sa ido a kai, kuma fitar da irin waɗannan bayanai waje ba abu ne da ake yi da ka ba. Da na kawo maganar doka darekta ya fi saurarona fiye da lokacin da na kawo maganar rai, amma dai ya saurara.

Ajiya kuwa kwafi uku: na kan sarba, na faifan waje a cikin akwatin ƙarfe, da na uku da zai riƙa kwana a wani gini daban, ana musanya shi duk Juma'a. Wanda ya ga yadda kogi ya shiga unguwannin Lamorde da Kirkisoye a 2020 ba ya tara komai a rufi ɗaya. Duk wata kuma zan ɗauki kwafi ɗaya in gwada dawo da shi, in ga da gaske yana buɗuwa.

Ga kuma Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, da yawa daga cikin kwamfutocinmu kuma ba su da TPM 2.0, guntuwar na'urar tsaron da Windows 11 ke nema. Waɗanda aikinsu cike fom da taswira ne na sa musu Ubuntu a madadin Windows, manhajar taswira ta QGIS tana tafiya lafiya a kai. Sakatariya ta ce in na taɓa tata za ta kai ƙarata wurin uwargidana, na bar mata.

Yanzu ga roƙona. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil ta kan iyakar Benin, kayan da ke zuwa ta Kwatano sai sun zagaya ta Lome da Burkina da rakiyar soja, abin da ka yi oda yau sai ka manta da shi. In ka samu sarari ka leƙa Beirut Road ka samo mini faifan waje guda biyu masu tera 4, sababbi a leda, ka sa a jona su a gabanka ka duba awannin da suka yi aiki, don ana sake wa tsoho riga. Sai kwali biyu na Cat6, wayar haɗa kwamfutoci. Ka kankare bakinta da reza: in cikin ya fito fari, alminiyom ne aka shafa wa tagulla, ka bar musu abinsu. Daga ɗakin sarba zuwa ɗakin baya bai kai mita 100 ba, saboda haka waya mai kyau za ta kai ba tare da an ƙara komai a tsakani ba. Ka ba direban nan namu na Maraɗi, kuɗin kuma ka faɗa mini a naira, zan san yadda zan yi da sefa. Ka kuma gaya mini wace inbata ce ta jure muku zafin bara a ofishinku, don masu sayarwa a nan kowa tasa ce ta fi.

Na roƙi a ba ni ɗalibi ɗaya daga Jami'ar Abdou Moumouni ya riƙa taya ni, in koya masa inda kowace waya ta bi, don yanzu in zazzaɓi ya kwantar da ni aiki ya tsaya. An ce sai sabuwar shekara.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina nan tafe in Allah ya kai mu ƙaramar salla. Uwargida tana gaida taka, ta ce kilishin da ta yi alkawari zai biyo direban in zai koma.

Wassalam,
Naka, takwaranka.