Mai soke buhu ma ma'aikaci ne

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan aikin da matasanmu suka raina.

Shekara shida ke nan ina aiki a wani kamfanin casar shinkafa nan Katsina, ni ke duba kaya kafin su shiga inji da kuma kafin su fita, wato kwaliti kwantirol. Har yau kawuna cewa yake wai ni soke buhu kawai nake ana biyana. To ga yadda soke buhun yake. Tirela ta iso da shanshera, in ɗebo daga sama, tsakiya da can ƙasa inda ake ɓoye jiƙaƙƙiya, in zuba a mitar auna danshi, in ta nuna danshi kashi 14 cikin ɗari ko kusa da haka madalla, in ta haura sosai to ba ta bushe ba, ka jibge ta a sito ta yi zafi ta yi fumfuna, launinta ya koma rawaya. Sannan ga tsakuwa, ga ƙaiƙayi, ga karyayya da sai ka auna ka rubuta.

Bara wani dillali ya kawo mota guda, mita ta nuna 19, na ce a mayar ko a shanya. Oga ya ce haba malam, surukina ne fa, a sauke. Aka sauke. Sati uku sito ya ɗau wari, kwastoma ya dawo da buhuna, kuma wallahi ni aka fara nema da faɗa, ba don na rubuta ranar da lambar a littafi ba da tuni ina gida.

Abin ba a shinkafa kaɗai ya tsaya ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya saboda maganin ƙwari da ya yi yawa a ciki. Magina kuma su ba ku labarin rodin da ake ce ma milimita 12 amma ka auna bai kai ba. Hukumomin kula da ingancin kaya, SON da NAFDAC, ba za su kwana a kowace masana'anta ba, ɗan cikin gida ne ke tsayawa a ƙofa.

Kirana ga Hassan Usman Katsina Polytechnic da ta tarayya da ke Daura, yaran da ke karanta aikin leb a riƙa tura su SIWES, wato koyon aiki na ɗalibai, cikin masana'antu, su taɓa sikeli da mita da hannunsu, maimakon su zauna ofis suna ɗauko fayil wata huɗu. Masu kamfani kuma, in mai duba kaya ya ce a'a, a bar a'ar nan ta tsaya ko motar ta surukin oga ce.

Naku mai karatu,
daga Ƙofar Ƙaura, Katsina