Ɗan sandan sojan da ya kwanta a kan gurneti a Ramadi

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan wani sojan Amurka, na san wasu za su ce me ya haɗa mu da shi, to a dai yi haƙuri a karanta tukuna.

Sunansa Michael Monsoor, an haife shi a 1981 a Kalifoniya, mahaifinsa ɗan asalin Labanon ne. Aikinsa a takarda ɗan sandan soja ne na rundunar ruwa, irin masu gadin sansani da kama sojan da ya yi laifi, amma yana cikin zaratan sojojin ruwan nan da ake kira SEAL, aka tura shi Iraƙi. Ranar 29 ga Satumba 2006 suna kan rufin wani gida a garin Ramadi shi da abokan aikinsa da wasu sojojin Iraƙi, sai aka wurgo musu gurneti daga ƙasa ya buge shi a ƙirji ya faɗi gabansu. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne duk cikinsu shi kaɗai ne yake kusa da hanyar fita, da ya ruga da ya tsira kuma wallahi ba wanda zai zarge shi, amma sai ya yi ihu ya gargaɗe su ya faɗa kan gurnetin ya danne shi da jikinsa. Na kusa da shi sun ji rauni amma sun rayu, shi kuwa bayan kamar rabin awa rai ya yi halinsa, yana da shekara 25 kacal. Kuma ba ranar ya fara ba, a watan Mayu na shekarar ya taɓa kutsawa cikin ruwan harsashi ya janyo wani abokinsa da aka harba.

Ni fa Edita har gobe ina cikin masu cewa yaƙin Iraƙi zalunci ne, an ce Saddam na da makaman ƙare dangi aka shiga a 2003 aka yi ta bincike ba a samu ba, mutanen Ramadi ɗin nan kansu sun sha azabar da ba ta faɗuwa. Amma wanda ya kunna wutar daban, yaron da aka jefa cikinta daban, shi ba makaman ƙare dangi ya tuna ba a wannan daƙiƙar, mutanen da ke gefensa ya gani.

Ranar 8 ga Afrilu 2008 Shugaba Bush ya miƙa wa iyayensa lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka a fadar White House har yana hawaye, kuma a 2019 aka ƙaddamar da wani katafaren jirgin yaƙin ruwa mai sunansa. To madalla, ya cancanta, sai dai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne wanda ya sa hannu aka tafi yaƙin shi ne kuma ya tsaya yana raba lambar, uwar kuwa ƙarfe aka damƙa mata a madadin ɗa.

Don Allah in za ku kawo labarin irin waɗannan karramawa ku riƙa haɗawa da wanda ya tura su da kuma dalilin da ya bayar.

Naku,
mai karanta ku kullum