Ɗalibaina sun ce takobi ne kaɗai ke haɗa ƙasa, me zan faɗa musu?

Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni shawara kan wani abu da ya tsaya mini a rai.

Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare. A wannan zangon muna darasi kan yadda ƙananan masarautu masu gaba da juna suke dunƙulewa su zama ƙasa ɗaya. Yaran sun fahimci darasin, amma abin da suka tsinta a ciki ya tayar mini da hankali.

Da Jamus na fara musu. Bayan 1815 ƙasashe 39 ne a wurin, yawancinsu kowacce da sarkinta da sojojinta, kuma ɗan kasuwa sai ya biya kuɗin fito a kan iyaka bayan iyaka. Yarjejeniyar kwastan ta 1834 ta fara rage wannan wahala. A 1848 wakilan jama'a suka taru a Frankfurt, suka tsara kundin mulki, suka miƙa wa Sarkin Prushiya, ɗaya daga cikin manyan ƙasashen nan, sarautar Jamus baki ɗaya, a 1849 ya ce ba ya so. Sai ga Bismarck, firaministan Prushiya, wanda ya ce a 1862 manyan al'amuran zamani ba da jawabai da ƙuri'u ake yanke su ba, sai da ƙarfe da jini. Ya yaƙi Denmark a 1864, Ostiriya a 1866, Faransa a 1870, kuma a watan Janairun 1871 aka ayyana daular Jamus a fadar Versailles da ke Faransa.

Ina rufe baki wani yaro mai kaifin basira ya ɗaga hannu daga layin baya, ya ce, "Malam, ke nan masu zama su tattauna ɓata lokacinsu suke yi." Ajin ya ɗauki tafi. Da na karɓi littattafansu don dubawa, na tarar wasu sun rubuta "ƙarfe da jini" da manyan baƙaƙe a bangon littafi. Malam, waɗannan yara ne da gobe za su zama shugabanni, wasu ma su riƙe bindiga.

Abin da na yi imani da shi kuwa shi ne, yaƙi yana iya haɗa iyakoki, amma abin da ke sa zaman ya ɗore shi ne irin mutuncin da aka bar wa wanda ya sunkuyar da kai. Ba a sarki biyu zamani ɗaya, haka ne, to wanda ya sauka me aka rage masa? Shi kansa Bismarck ya san wannan. Ya bar wa Bavariya, wata masarauta a kudancin Jamus, sarkinta da gidan wayarta da jiragen ƙasanta, har da ikon sojojinta a lokacin zaman lafiya. Italiya kuwa ta bi wata hanya. Da aka kafa masarautar a 1861, Victor Emmanuel ya ci gaba da amsa laƙabin "na Biyu" da yake da shi tun yana sarkin Sardiniya, masarautar da ta jagoranci haɗa ƙasar, alhali shi ne sarki na farko na sabuwar ƙasar. Aka ɗora wa mutanen kudu dokokin arewa da sabon haraji da shiga soja dole. Sai tawaye ya ɓarke a kudu, aka shafe shekaru ana zubar da jini. Mutanen sun ji kamar an ci su da yaƙi ne, kuma har yau giɓin da ke tsakanin arewa da kudu bai cike ba. Na kuma tuna musu cewa bayan an haɗa ƙasar Hausa ƙarƙashin Sakkwato, tsohon gidan sarautar Katsina ya koma Maraɗi, aka daɗe ana kai wa juna hari.

Don su ga akwai wata hanya, na kawo musu Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Birtaniya ta sanar a 1968 cewa za ta janye daga yankin Tekun Fasha, sai sarakunan suka zauna. Bahrain da Katar suka zaɓi zaman kansu, babu wanda ya tilasta musu. Masarautu shida, ciki har da Abu Dhabi, suka haɗu ranar 2 ga Disamba 1971, Ras al-Khaimah ta biyo baya a 1972, kowane sarki na riƙe da sarautarsa. Yaron nan ya sake cewa, "Ai kuɗin man Abu Dhabi ne da tsoron maƙwabta suka yi aikin takobi." Gaskiya akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, shi ya sa ta fi damuna.

Ba zan iya ɓoye musu cewa yawancin irin wannan haɗuwa an yi ta da jini ba, domin ƙarya ce, kuma ranar da suka gano ba za su ƙara yarda da ni ba. Ba na kuma son su tashi da aƙidar cewa mai ƙarfi shi ne mai gaskiya. Wani abokin aikina ya ce in koyar da shekaru da sunaye kawai, tunda su ake tambaya a jarrabawa, in bar sauran. Zuciyata ta ƙi amincewa.

To Malam, yaya zan yi? In buɗe musu muhawara su fafata da kansu, ko hakan zai ƙara wa masu ra'ayin takobi ƙarfin gwiwa, tunda su suka fi iya magana? Ya dace malami ya fito fili ya bayyana ra'ayinsa a irin wannan, ko zai zama na cusa musu nawa tunanin? Shi kuma yaron, in kira shi gefe mu tattauna, ko in amsa masa a gaban ajin da ya tafa masa? Mako mai zuwa za mu kammala wannan babi, ina fatan samun amsarka kafin nan.

Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri.

Naka,
Wani malamin tarihi