Wasiƙa zuwa Kumasi kan ƙarar rediyon mota

Assalamu alaikum mutumina,

Da fatan kana lafiya kai da iyali, ya Kumasi, ya kasuwa, ya jikin Hajiya, Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan Kaduna alhamdulillahi kowa lafiya, yara na ta tambayar yaushe Baban Kumasi zai zo.

Naji saƙon muryar da ka turo min ranar Juma'a, har sau uku na saurara saboda ƙarar da ka ɗauko min daga cikin Marsandin nan taka, kuma wallahi tun a ji na farko na gane ta don irinta ce sak ta hana ni sakat kusan wata biyu a motar Baba, Allah ya jiƙansa. Naga maganar tafi ƙarfin saƙon murya shi yasa na zauna in rubuta maka a tsanake, ka karanta, in ta kama ka karanta wa mai rewayar naka ma. Abu ɗaya dai nake roƙonka tun kafin in fara, wannan filtar tace ƙarar rediyo da kace ance ka saya ka dakata da ita tukuna.

Ka tuna motar ai, Fijo 504 fara, wadda Baba ya saya sabuwa a 1982, haɗin kamfanin Fijo na Kakuri, wanda ya fara haɗa motoci nan Kaduna tun 1975. Ita muke shiga baya mu danne juna in za'a je Zariya gaida su Kaka. Bayan rasuwarsa ta daɗe a ajiye ƙarƙashin darbejiya, sai bara na ɗaura niyya na tada ta, aka wanke kafireta aka sa sabon kwantak set aka yi fenti, inji ya dawo sumul. Abinda ya rage rediyo, tsohuwar ta mutu murus, shine na samo wata ƴar Kwatano mai cin kaset da AM da FM, na haɗa da ƙaramin amfilifaya a but da sifiku biyu a baya, don kaset ɗin tafsirin Baba suna nan cike da kwali kuma burina in ji su a cikin motar nan kamar yadda muke ji muna yara. Wani yaro mai rewaya a layinmu ya ɗaura min komai a yini ɗaya, muka gwada mota a kashe sauti garau, na biya shi na tafi.

Ina tada inji sai ga fito, wiiii, siriri kamar kukan sauro a kunne, in na taka totur ya hau sama, in na saki ya sauko, in na kunna fitilun gaba ya ƙara ƙarfi. In kuma na murɗa zuwa AM don in kama Rediyon Kaduna sai wata ƙarar daban ta shigo, tas tas tas tas kamar ana soya gyaɗa a yashi, ita ma tana ƙara sauri da totur. Na koma wajen yaron yace filta ce maganinta, na saya ya ɗaura a wayar wutar rediyo, fiton ya ɗan ragu kaɗan kawai, yace to rediyon ce mai matsala, na aro ta wani aka gwada, ƙara na nan daram. Raina ya ɓaci sosai a lokacin, don har na daina sa kaset ɗin, bana iya jin karatun Alƙur'ani da wannan fiton a kai.

Wani direban tasha ne ya tura ni wajen wani dattijon rewaya a Panteka, mutumin da tun zamanin da Fijo ke cika titi yake wannan aiki. Abinda ya fara burge ni bai ɗauki ko sukundireba ba, shiga yayi ya zauna yace in tada in bar ta a silo, ya rufe ido yana saurare, yace taka, na taka, yace sa kaset, na sa, yace koma AM, na koma. Sai yace Alhaji ƙararka biyu ce kuma kowacce da ƙofar da take shigowa. Fiton nan na altaneta ne, wato abin da ke cajin batir, ta waya yake biyowa shi yasa kake jinsa har a kaset. Tas tas ɗin kuma wutar fulogi ce, ta iska take zuwa eriya ta kama, shi yasa sai a rediyo kawai. Ya miƙa hannu bayan rediyon ya zare wayar eriya, nan take tas tas ta ɗauke, fito ya rage shi kaɗai. Kaga cikin minti biyar ya raba min abinda na kasa rabawa a wata biyu. Har lissafi yayi min, inji mai silinda 4 duk juyi ɗaya fulogi biyu ke tartsatsi, to in silo na juyi 900 a minti kaga tartsatsi 30 kenan a daƙiƙa ɗaya, shine wannan ƙarar da kunne ke ji kamar ganga, shi kuwa altaneta nashi yafi haka sauri nesa ba kusa ba shi yasa yake fitowa kamar fito.

Don ya tabbatar min, da injin ya huce ya sassauta altaneta ya cire fanbel, muka tada na ɗan lokaci, fitilar caji ta kama ja a dashbod amma fito babu shi ko kaɗan. In za kuyi wannan dan Allah kar ya wuce minti ɗaya kuma inji na sanyi, saboda bel ɗin nan shi ke juya famfon ruwa, in ka shagala inji zai ɗau zafi.

Nan na ɗauka cewa zaiyi a sayo sabon altaneta, sai yace a'a mu fara da as, wato hanyar da wuta ke komawa ta jikin ƙarfen mota. Ya kwanta ƙarƙashin mota ya nuna min wata waya mai faɗi saƙaƙƙiya kamar kitso, wadda ta haɗa inji da bodi, wallahi rabinta ya tsinke sauran kuma yayi kore shar da tsatsa, shekara 40 da ɗoriya ba wanda ya taɓa kallonta. Yace duk wutar da altaneta ya bayar sai ta dawo gida ta jikin ƙarfe, in hanyar dawowar ta toshe sai ta nemi wata hanya, ko wayar totur ko wayar cok ko wayoyin rediyonka, kuma duk inda ta bi da ƙazantarta take bi. Daga nan ya bi aikin yaron. As ɗin rediyo a jikin wani ɗan ƙarfen dashbod aka ɗaure shi da sukuru ɗaya, ƙarfen ma kansa rawa yake. As ɗin amfilifaya kuwa a but aka ɗaure kan sabon fentin da na biya kuɗi aka fesa, ko kankarewa ba'a yi ba. To kaga rediyo na da nata as, amfilifaya na da nashi, biyun basu daidaita ba, sai wayar sautin nan mai kai ja da fari da ta haɗa su ta zama gada, ɗan bambancin wutar dake tsakaninsu ya dinga bi ta cikinta, amfilifaya kuma aikinsa ƙara duk abinda aka bashi, karatu ne ko fito. Abinda ya ƙara dagula lamarin yaron ya naɗe wayar sautin tare da babbar wayar wuta da ta taso daga batir da salatif, tun daga gaba har but suna manne da juna.

Yini guda mukayi a kan wannan. Sabuwar wayar as mai kauri daga inji zuwa bodi, aka wanke kan batir da ɗaurin da ya tafi bodi, ya kankare fenti a but da sanfefa har ƙarfe ya fito fari yana ƙyalli, ya ɗaure as ɗin amfilifaya da gajeriyar waya da noti da washa sannan ya shafa giris a kai don kar tsatsa ta dawo, as ɗin rediyo ya kai shi jikin bodi sosai. Wayar wuta ta bi gefen direba, wayar sauti ta bi ɗaya gefen ƙarƙashin kafet. Muka tada, fiton nan ya faɗi warwas, sai ka kasa kunne sosai sannan kaji ɗan saura in an kunna fitila.

Sauran nan ne ya kai mu ga altaneta. Ya ɗora mita a kan batir, mota a kashe volt 12.6, a kunne ya hau 14 da ɗan kai, wato caji lafiya lau a ido, shi yasa ba wanda ya taɓa zarginsa. Sai ya juya mitar zuwa AC ya ɗora a bayan altaneta, yace lafiyayye bai kamata ya kai rabin volt ba, nawa ya wuce. Bayaninsa shine altaneta wutar AC yake haifarwa irin ta gida, akwai dayod guda 6 a cikinsa masu miƙar da ita ta koma irin ta batir, in ɗaya ya mutu caji baya tsayawa gaba ɗaya amma wutar sai ta dinga fitowa da tudu da kwari, wannan tudu da kwarin ne sifika ke rerawa. Ya buɗe ya gwada su ɗaya bayan ɗaya ya samu mataccen, aka canza farantin dayod ɗin, ya ƙara ɗan kondensa, abin da ke shanye ƙarar wuta, mai mikrofarad 2.2 daga babban noti na bayan altaneta zuwa jikinsa. Kuma ya tambaye ni ko an taɓa cire kan batir inji na aiki don a gwada caji, nace ƙwarai an yi a gabana lokacin da ake tada motar, yace to mai yiwuwa ranar aka kashe shi. Mutumina wannan ɗabi'ar ta cire kan batir mota na aiki kar ka yarda ayi maka ita ko waye, batir shi ke shanye haukan wutar altaneta, in ka cire shi wuta na iya tsalle ta ƙona dayod ta ƙona rediyon ma, mita ita ce abin gwada caji.

Ita kuwa tas tas bata ba mu wahala ba. Wayoyin fulogin da aka sa min masu zallar jan ƙarfe ne a ciki, makanikai na son su don suna daɗewa, amma kowacce ta zama ƙaramar tashar watsa tartsatsi. Muka sa masu kabon a ciki, da fulogi masu rezisto, waɗanda zaka ga harafin R a lambarsu, misali a fulogin kamfanin NGK akwai BP6ES akwai BPR6ES, mai R ɗin na ɗauke da rezisto na kusan om 5,000 a cikinsa, amma kai ka duba lambar da ta dace da injinka kar ka ɗauki wannan. Ya sa kondensa a kwayil ɓangaren da wutar makulli ke shigowa, mai alamar tarawa ko lamba 15, ya ja kunnena cewa in aka kuskure aka sa a ɗaya ɓangaren mai zuwa distirbuta wutar fulogi zata yi rauni mota ta dinga shaƙewa. Sai gindin eriya, shima fenti da tsatsa sun raba shi da bodi, aka kankare daga ƙasa aka ɗaure tam, ya kuma haɗa bonet da bodi da ƴar wayar as don bonet ɗin ya zama murfin da zai tare tartsatsin.

Da yamma na fito daga Panteka na hau hanyar Zariya ni kaɗai, na sa kaset ɗin farko da hannuna ya kai a kwalin, da rubutun Baba na ajami a jikinsa, na taka mota har giya huɗu babu abinda ke fita daga sifika sai muryar malam da mai jan baƙi. Sai da na gangara gefen titi wajen Maraban Jos na tsaya na ɗan jima, don idona ya cika bana ganin hanya sosai.

To taka tunda mai fetur ce duka biyun na iya samunka, amma abinda naji a saƙonka fito ne zalla, ban ji tas tas ba, sai dai ban san ko kaset ko FM ka sa lokacin da ka ɗauka ba. Ka sake ɗauko min sau uku, ɗaya a AM, ɗaya da wayar eriya a zare, ɗaya da fitilun gaba a kunne kana taka totur a hankali, kuma ka leƙa ka ɗauko min hoton wayar as ta inji da inda aka ɗaure as ɗin rediyon. Ku da kuke da Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, a kusa ba zaka rasa dattijo irin nawa ba, ka nemi wanda zai zauna ya saurara kafin ya kwance wani abu. In ma an gama duk wannan akwai ɗan saura, a lokacin filtar zata yi amfani, tawa tana nan a durowa in kana so in ba masu zuwa fataucin goro su taho maka da ita.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka gaida maiɗakinka da yara, kace wa babban naka ina nan ina jiran sakamakon jarrabawarsa. In Allah ya kawo ka bayan sallah da 504 zan ɗauko ka a tasha.

Wassalam,
naka, abokinka na Tudun Wada.