Uwata, kada ki saki ɗakin duba marasa lafiya

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, na karanta takardar ɗaukar aikin da kika turo mini har ƙarshenta, ta masaniyar magunguna mai koyarwa a jami'a da duba marasa lafiya a asibiti. Allah ya sanya alheri. Kin ce in faɗa miki abin da na gani, to aikin mai kyau ne, ki karɓa. Amma kada ki sa hannu sai an gyara layin nan da ya ce za ki koyar, ki yi bincike, ki kuma duba marasa lafiya "gwargwadon buƙatar sashe". Ki nemi a rubuta kwana nawa ne na asibiti a mako, nawa na aji, nawa na rubutu, da wanda zai tsaya miki ranar da lacca ta ci karo da layin marasa lafiya. An ce taura biyu ba ta taunuwa, ke kuwa uku aka miƙo miki. Ga shugabanni biyu, na tsangaya da na asibiti, kowanne yana ganin makon nan duk nasa ne.

Ranar da aiki ya matse ki, na san wanda za ki fara tunanin saki: asibiti. Ba don rashin tausayi ba. Kwamitin ƙarin girma muƙalu yake ƙirgawa, da kuɗin binciken da kika jawo wa jami'a, da abin da ɗalibai suka rubuta a kanki. Babu mai tambayar ki labarin tsohuwar da kika yi wata shida kina lallaɓawa har sukarinta ya sauka. Duk da haka, kada ki saki ɗakin nan.

Mu da muka yi wannan sana'a ta harhaɗa magunguna a bayan tagar ba da magani mun san darajar kujerar da aka ba ki. Likita ya rubuta, mu ƙirga ƙwaya, mu ce ɗaya safe ɗaya dare, shi ke nan. Sai a 1966 asibitin Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ya hau da masana magunguna hawa na tara, suka zauna wurin majinyata tare da likitoci da nas-nas. A Ingila sai 2006 aka ba waɗanda suka yi horo na musamman izinin rubuta magani da kansu. A Amurka kuwa, jarrabawar ƙwarewa a fannin naki, na masu zuwa a duba su su koma gida, a 2011 aka fara ta. Kujerar sabuwa ce, kuma in aka ga mai ita ba ya zama, ɗauke ta za a yi.

Wanda aka kwantar a gado, nas ce ke miƙa masa magani a kan lokaci. Naki mara lafiyar rabin awa zai yi da ke, sannan ya tafi gida wata uku. Can ne maganin zai yi aiki ko ya ƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2003 cewa ko a ƙasashen da suka ci gaba, kusan rabin masu ciwo mai daɗewa ne kawai ke shan magani yadda aka ce. Saboda haka ki daina tambayar "kina shan maganinki?" Kowa "e" zai ce, don kunya. Ki sa ta zo da duk abin da take sha a jaka ɗaya, har wanda ta saya da kanta, ki zube a tebur. Ki ɗauki kwalba ki ce, "Mama, wannan yaushe kike shan sa? Jiya fa?" Ki dubi ranar da aka ba ta, ki dubi ƙwayoyin da suka rage. Kwalbar da aka bayar wata biyu da suka wuce, ga ta cike, ta riga ta ba ki amsa.

A irin teburin nan ne za ki ga abin da ya wuce wa kowa. An ba dattijuwa amlodifin don hawan jini, ƙafafunta suka kumbura, wanda sananne ne da maganin. Wani likitan ya ga kumburi ya ƙara mata maganin sa fitsari. Yanzu ba ta barci don zaryar banɗaki, tana jin jiri in ta miƙe, ana shirin ƙara mata maganin barci. Kowa ya yi nasa da kyakkyawar niyya, amma ba wanda ya ga kwalaben a jere sai ke. Gyaran a nan cire magani ne, kuma cirewa ta fi ƙarawa buƙatar sani da ƙarfin zuciya. Haka mai shan wafarin, maganin hana jini daskarewa, da awon INR ɗinsa (awon daskarewar jini) ya daɗe tsakanin 2 da 3, sai kwatsam ya haura: kafin ki taɓa adadin ƙwayarsa, ki tambaye shi ko an ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta a makon nan. Mai metfomin, maganin sukari, idonki a kan awon ƙodarsa, domin in tacewarta ta faɗi ƙasa da 30 maganin ya daina zama nasa. Mai asma kuma kada ki yarda da bakinsa, ki miƙa masa abin shaƙar ya yi a gabanki.

Malamin da ya bar ganin waɗannan abubuwa, bayan 'yan shekaru littafi kawai yake karanta wa ɗalibai, su kuma suna ganewa tun kafin ya gama jimla ta biyu. Idan kin shiga da ɗalibi ɗakin, ki koma gefe ki bar shi ya yi tambayoyin, ko da bakinki na ƙaiƙayi. Amma ko rabin ƙwaya kada ya canza sai kin gani.

Batun muƙalu da ke hana ki barci, ɗakin ne zai ba ki su. Kin san aikin da aka buga a 2018 kan shagunan aski 52 na baƙar fata a Los Anjeles. Masana magunguna ne suka riƙa zuwa shagon suna daidaita maganin hawan jini, bisa yarjejeniya da likitocin mutanen. Cikin wata shida lambar sama ta awon jini ta sauka da kusan maki 27, alhali waɗanda aka bar su da shawarar wanzami kawai kusan 9 suka samu. Ba sabon magani aka ƙirƙiro ba, wurin zama aka canza aka kuma auna. Ke ma tun makon farko ki riƙa adana awon kowa kafin ya zo hannunki da bayansa, kuma ki nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike da wuri, kada ki tara bayanan shekara biyu a ce ba za su bugu ba. Alƙaluman nan su ne kuma za su kare kujerarki ranar da masu kasafin asibiti suka tambayi amfaninki.

Da likitoci, ki sa a rubuta iyakar abin da aka yarje miki: wane magani za ki iya ƙarawa ko ragewa, wane awo za ki iya sawa a yi, yaushe za ki mayar musu da mara lafiya. Ki tsaya cikin iyakar nan ko da kin tabbata kin fi likitan sanin maganin, wanda wani lokaci hakan ne. Bayaninki a kati ya zama gajere, shawarar a layin farko.

Za a yi ta jefa ki a kwamitoci, don sabuwa ce ke kuma ba ki iya musu ba. Ɗaya ya ishe ki a shekarar farko. Sauran ki ce sai kin tambayi shugaban sashe.

Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci kafin ki shiga asibiti. In sun gyara takardar, ki turo mini in sake dubawa kafin ki sa hannu.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki